Daga Agadas Zuwa Kawar Cikin Ƙaramin Jirgi da Yara Uku

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), ina so in ba ƴan uwa masu karatu labarin wata tafiya da muka yi ni da iyalina a watan Nuwamba na shekarar 2014, daga Agadas zuwa ƙasar Kawar, cikin ɗan ƙaramin jirgin sama mai inji guda. Na rubuta shi ne domin iyayen da wata rana lalura za ta sa su hau irin wannan jirgi da ƙananan yara, su amfana da abin da muka yi daidai, su kuma kauce wa inda muka yi kuskure.

Dalilin tafiya

Maiɗakina ƴar Bilma ce, ni kuwa mutumin Damagaram ne da aiki ya zaunar a Agadas. A wannan shekara sai saƙo ya zo cewa jikin surukata ya yi nauyi, kuma ba ta da magana sai ta jikokinta. Daga cikin yaranmu uku, babbar kaɗai ta taɓa gani, ita ma tun tana goye. A lokacin babbar tana da shekara 6, mai bi mata yana da 3, Auta kuwa watansa 9.

Duk wanda ya san hanyar Dirku ya san ba ta yara ba ce. Fiye da kilomita 600 ne na rairayi, ana bin ayarin motocin da sojoji ke rakawa, a kwana biyu ko uku in an yi sa'a, da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi. Na yi ta juya al'amarin a raina. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma yaran nan ma amana ce da Allah zai tambaye ni a kanta. Ana cikin haka sai wani aminina ya shaida mini cewa kamfanin da yake wa aiki ya yi hayar ƙaramin jirgi domin kai ma'aikata Dirku, zai kuma koma ɗaukar su bayan mako guda, ga kujeru huɗu babu kowa.

Da na kawo wa maiɗakina labari, sai ta yi shiru, can ta ce: “Malam, ka manta sunan filin jirgin namu?” Na gane nufinta. Filin jirgin Agadas yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu ranar 15 ga Disamba 1995 sa'ad da ƙaramin jirginsu ya faɗi a duwatsun Abzin. Babu ɗan Agadas da bai san wannan labari ba. Na ce mata ajali ba ya tsallake ranarsa, a sama ko a ƙasa, sai dai malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Muka yi istihara, muka shiga shiri.

Shiri tun daga gida

Farkon abin da muka yi shi ne kai yaran wurin likita. Ya duba kunnuwansu da ƙirjinsu, ya kuma yi mana bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce manyan jirage irin na alhazai ana matsa musu iska a ciki, amma ƙaramin jirgi iskar da ke waje ita ce a ciki, kuma gwargwadon hawa sama gwargwadon raguwar iskar da jini ke buƙata. Yaro mai lafiya ba ya jin komai a tsayin da waɗannan jirage ke bi. Amma mai amosanin jini, wato sikila ko emasi, da mai ciwon zuciya ko na huhu, da mai ƙarancin jini sosai, da jaririn da bai yi ƙwari ba, kada a hau da su sai da izinin likita, domin ƙarancin iskar na iya tayar da ciwon. Tun da amosanin jini ya yawaita a gidajenmu, ina roƙon iyaye su riƙe wannan da kyau. Ya ƙara da cewa yaron da ke fama da mura mai toshe hanci ko ciwon kunne, gara a ɗaga tafiyarsa. Daga ƙarshe ya gargaɗe mu kada mu ba yaro maganin sa barci da kanmu don wai ya yi shiru a hanya, musamman wanda bai kai shekara 2 ba.

Abu na biyu, muka fara ba manyan biyun labarin jirgin tun saura kwana uku. Ban ɓoye musu komai ba: na ce yana da ƙara ƙwarai, wani lokaci zai yi tsalle kamar mota a kan kwazazzabo, kuma babu makewayi a ciki. Mahaifiyarsu ta jera kujeru a tsakar gida, ta ɗaure su da ɗankwali a madadin ɗamarar kujera, suka yi ta wasan tashi da sauka. A nan ne muka koya musu addu'ar hawa abin hawa, suna maimaitawa har ta zauna. Yaro ya fi jin tsoron abin da ya zo masa ba zato, wanda kuwa aka sanar da shi sai ya zame masa abin ɗoki.

Safiyar tashi

Muka yi sallar asuba, muka ba yaran ɗan kunu kaɗan da guntun burodi, muka nufi fili. Jirgin ƙirar Cessna 208 Caravan ne, farfela ɗaya a hanci, fukafukansa a sama. Matuƙin, wanda kowa ke kira Kwamanda, dattijo ne mai fara'a. Kafin komai sai da aka auna kowannenmu a sikeli, har da Auta da jakar kayansa. Maiɗakina ta haɗa tsarabar hatsi da albasa da sukari da ta fi ƙarfin abin da aka ba mu, dole muka bar rabi. Kwamanda ya ce: “Hajiya, ki yi haƙuri. Ƙaramin jirgi kamar raƙumi yake, in kaya ya yi yawa ko ya rinjayi gefe guda, tashi ma sai ya gagara.” Shi ya zaɓa wa kowa wurin zama da kansa saboda daidaita nauyi.

Ya kuma kafa mana doka guda: daga ƙofar fili har cikin jirgi, kowane yaro hannunsa na cikin hannun babba, kuma babu mai zagayawa ta gaban jirgi, domin farfela idan tana juyi ido ba ya ganinta. Kafin mu shiga muka kai manyan biyun makewayi, aka sake wa Auta ƙunzugu. Kwamanda ya durƙusa ya gaisa da yaran, ya bar su suka taɓa tayar jirgin, ya nuna musu kujerarsa. Daga nan ɗan shekara ukun ya daina ɓuya a bayan zanen mahaifiyarsa.

A ciki aka ɗaure kowa da ɗamararsa, Auta kuma yana kan cinyar uwarsa da wata ƴar ɗamara da aka sarƙa da tata. Ƙarar injin irin wannan jirgi takan kai matsayin da ke cutar da kunne idan aka daɗe cikinta, kunnen yaro kuwa ya fi rauni. Don haka aka ba mu marufin kunne mai kama da ƙoƙo biyu. Na manya ya yi wa yaron yawa, sai muka sa masa hular sanyi a ciki ya zauna daidai. Auta dai ya yi ta fizge nasa, har uwarsa ta ba shi nono ya yi barci, sannan ta mayar masa a hankali. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya nemi marufi daidai kan ɗansa tun kafin ranar, auduga kaɗai ba ta wadatarwa.

Agadas da Abzin daga sama

Wajen ƙarfe bakwai muka tashi. Da jirgin ya karkata sai ga garin Agadas a shimfiɗe, jajayen gidaje na laka, hasumiyar babban masallaci tana tsaye a tsakiyarsu da itatuwanta a tsire. Tsawonta mita 27 ne, an fara gina ta wajen shekarar 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kullum a gindinta nake wucewa, amma ban taɓa sanin ƙanƙantar garinmu a cikin wannan faffaɗan daji ba sai ran nan. Babbar ta manna goshi a taga tana neman gidanmu da lakwal ɗinsu.

Muka miƙa gabas maso arewa. Ta hannun hagu duwatsun Abzin suka taso baƙi ƙirin, daga cikinsu har da Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijar. Tsakanin duwatsun ana hango koramu busassu, da ɗigon kore nan da can inda Abzinawa ke noman albasa da alkama da lemo. Kwamanda ya daidaita jirgin a wajen mita 2,900. A nan muka gode wa Allah da muka zo da rigunan sanyi da safa, domin kowane mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da digiri 6 zuwa 7. A sa wa yaro tufafi hawa-hawa, yadda za a iya ƙarawa ko ragewa ba tare da an kwance shi daga kujera ba.

Tenere

Bayan kamar rabin awa duwatsu suka ƙare, muka shiga Tenere. Gani ya kori ji. Rairayi ne iyakar ganin ido, wani wuri shimfiɗaɗɗe kamar faifai, wani wuri tuddai a jere kamar kunyoyin gona, babu itace, babu gida, babu ko inuwar gajimare. Mutum in ya dubi wannan, ya tuna cewa kakanninmu sun ratsa shi da ƙafa, sai jikinsa ya yi sanyi, ya ƙara sanin girman Mahalicci.

A nan ne kuma gajiyar yara ke farawa, don babu sabon abin kallo. Mun yi tanadin wannan. Mahaifiyarsu ta ɗinka wa kowanne ƴar jaka, a ciki akwai takarda da fensirin launi, da ƴar motar roba, da dabino da aka cire wa ƙwallo. Ba mu ba su duka a lokaci guda ba, sai in ɗaya ya gundure su a fito da wani. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, domin iskar sama busasshiya ce tana sa ƙishi, amma in aka cika musu ciki fitsari zai matsa, ga shi babu wurin zagayawa. Duk da haka mun riƙe ɗan fo mai murfi da leda, saboda ko-ta-kwana.

Kusan tsakiyar tafiya Kwamanda ya nuna mana ƙasa, ya ce muna kan wurin Itacen Tenere. Na ɗaga marufin kunnen babbar na ba ta labarinsa. Wani itacen ƙaya ne da ya rayu shi kaɗai a wannan fili, babu ɗan uwansa a ko'ina kusa, saiwoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa, ayari kuma na yin alama da shi. Duk faɗin dajin nan, a 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. Aka kai gangar jikinsa gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ta yi tsaki ta ce: “Baba, duk wannan filin bai ishe shi wucewa ba?” Har ma'aikatan da ke bayanmu sai da suka yi dariya.

Na kuma ba ta labarin ayarin gishiri, yadda Abzinawa ke tasowa bayan damina da ɗaruruwan raƙuma ɗauke da hatsi, madugu na gaba yana bin taurari, su yada zango a Fashi, su isa Bilma, su sayo gishiri da dabino, sannan su gangara da su kasuwannin ƙasar Hausa har Kano. Tafiyar da ke cin su makonni, mu ga shi za mu yi ta cikin awa biyu.

Sauka, da kuskurena na farko

Daga nesa muka fara hango dutsen Kawar, wani dogon bango da ya miƙe daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 150, a gindinsa kuma koren zare na itatuwan dabino. Shi ne ke tare wa garuruwan Bilma da Dirku da Anai iskar gabas da rairayinta.

Likita ya riga ya faɗa mana cewa sauka ta fi tashi wahalar da kunne. Akwai wata ƴar siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da maƙogwaro, ita ke daidaita iska, kuma ta yara ƙarama ce mai saurin toshewa. Haɗiya da hamma da tsotso su ke buɗe ta. Saboda haka da jirgi ya fara gangarawa, maiɗakina ta sa wa Auta nono, babbar kuma tana tauna dabino. Amma ɗan shekara ukun ya yi barci mai daɗi, na ji tausayin tashinsa, na ƙyale shi. Mai barci ba ya yawan haɗiya. Saura kaɗan mu taɓa ƙasa sai ya farka da ihu, ya riƙe kunnuwa biyu. Na ba shi ruwa yana kurɓa yana kuka, bai sami sauƙi ba sai bayan mun sauka da kusan rabin awa. Laifina ne. Ya kamata in tashe shi tun farkon gangara, in kuma roƙi matuƙi tun a ƙasa ya sanar da ni lokacin. Sai dai a kula, alawa mai tauri ba ta dace da ɗan ƙasa da shekara 4 ba, tana iya shaƙe shi in jirgi ya girgiza.

A Bilma

Daga Dirku zuwa Bilma bai kai kilomita 50 ba, ƙanin maiɗakina ya zo da mota ya ɗauke mu. Bilma gari ne na Barebari da Tubawa, mai idanun ruwa da lambuna a tsakiyar hamada. Tsohuwar hanyar Barno zuwa Fezzan ta nan ta bi, kuma malaman tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa Uƙbatu ɗan Nafi'u ya iso Kawar tun wajen shekara ta 46 bayan hijira, wato 666 miladiyya. A Kalala, bayan gari, muka kai yaran suka ga ramukan gishiri masu ruwa ja da rawaya, da yadda ake zuba shi a ma'auni ya fito kantu. Gishirin nan ne Bahaushe ke kira balma, da sunan garin. Ruwan sama ba safai yake sauka ba, shi ya sa ake gini da ƙasa mai gishiri, shi ya sa kuma ruwan da aka yi a watan Agusta 2006 ya rushe gidaje masu yawa.

Mun tarar da surukata a kwance, amma da ta ji muryar yara sai ta ce a tashe ta zaune. Ta jawo yaron ta ce: “Angona, sai yau ka ga damar zuwa? Ina kuɗin cefane?” Ta dubi babbar ta ce: “Ke kuma kishiya, da kika zo ƙwace mini miji, zo nan in gan ki.” Aka ɗora mata Auta a cinya, ta tofa masa addu'a, ta daɗe tana shafa kansa ba ta ce komai ba. Ni dai na gaishe ta daga bakin ƙofa na fita, domin idona ya cika.

Komowa, da kuskurena na biyu

Ranar komowa an shirya tashi da safe, amma aikin mutanen bai kammala ba sai bayan azahar. Kafin nan an cika yaran da shinkafa da nama da madara a gidan surukai, ni kuwa kunya ta hana ni cewa a rage. Matuƙa ƙananan jirage sun fi son safiya saboda dalili: idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan riƙa tasowa ginshiƙi-ginshiƙi, jirgi ya yi ta hawa da faɗawa a cikinta. Haka muka sha. Ba mu yi minti ashirin ba yaron ya yi fari, gumi ya keto masa, ya amayar da duk abin da ya ci. Allah ya taimake mu leda tana hannu, da tsumma mai ruwa da tufafin canji.

Babbar kuma tsoro ya kama ta, ta riƙe hannuna tana kallon fuskata. A nan na gane cewa yaro a fuskar babba yake karanta hatsari. Cikina na kaɗawa, amma na yi murmushi na ce mata raƙumin namu ne ke sassarfa, muka shiga ƙirga tsallensa muna yin tasbihi. Kwamanda ya ƙara hawa kaɗan inda iska ta fi kwanciya, ya ce a buɗe wa yaron ƴar kafar iska ta bugi fuskarsa, a karɓe takarda da fensiri, a sa shi ya jingina kai ya dubi nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. Sannu a hankali ya lafa. Auta ko a jikinsa, domin wannan tashin zuciya ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Wannan karon kuwa, da aka fara gangara Agadas, kowa idonsa biyu, kowa na haɗiya, babu wanda ya yi kukan kunne.

Da a ce zan sake, zan roƙi a kwana a tashi da asuba in da hali, in babu kuwa zan cire kunya in ce a ba yara abinci mara maiƙo, kaɗan. Haka nan duk mai shirin irin wannan tafiya ya bar sarari a lissafinsa, domin hazo ko guguwa na iya sa matuƙi ya fasa tashi. In ya fasa, kada a matsa masa, a gode masa.

Surukata ta rasu cikin watan azumi na 2015. Har yau idan aka sayo dabinon Bilma a gidanmu, babbar takan ba ƙannenta labarin Kaka da itacen da mota ta banke, shi kuwa angon nata ba ya tuna ciwon kunne ko amai, abin da ya riƙe kawai shi ne wata tsohuwa da ta tambaye shi kuɗin cefane.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriyarmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya ba mu ikon sada zumunci da riƙon amanar ƴaƴanmu. Amin. Wassalamu alaikum.